Na'urar auna laimar magani: abin da na tarar a waje bai wuce littafi da haƙuri ba

Shekarata shida ina aiki a ɗakin gwajin ingancin magani a nan ƙasar waje, bayan huɗu da na yi a irinsa a gida. Duk sanda tsoffin abokan aikina suka kira ni, tambayarsu ɗaya ce: wace na'urar Karl Fischer, wato ta auna ruwan da ke cikin magani, kuke amfani da ita a can? A zatonsu bambancin yana jikin ƙarfen. Alhali ranar da na fara aiki a nan, na'urar da aka nuna mini kusan ita ce wadda na baro.

Tushen aikin bai canza ba tun 1935, lokacin da Bajamushen nan Karl Fischer ya wallafa hanyar. Ayodin na haɗuwa da ruwa ɗaya bisa ɗaya a cikin metanol, tare da salfa dayoksaid, har ruwan ya ƙare, sai tsinkayen filatinam biyu da ke cikin kwalbar su ji rarar ayodin, na'ura ta tsaya. Daga yawan ayodin da ya tafi ake lissafa ruwan. Kuma kar a raina wannan ruwa: asfirin da ya sha laima rushewa yake yi har ka ji warin tsami daga kwalbarsa, magungunan allura da aka busar da sanyi kuwa ɗan kaɗan ya isa ya rage musu kwana.

Matsalar ita ce na'urar ba ta san ruwan magani da ruwan iska ba. Laima na satar hanya ta toshiyar robar da sirinji ya huda sau hamsin, ta mahaɗar bututu, ta ƙwayoyin shanye laima da suka riga suka ƙoshi. Wannan yoyon shi muke kira dirif, kuma a nan ne na ga abin da ya raba wuraren biyu. A inda nake, kafin ka taɓa samfur sai ka rubuta dirif a littafi. Idan ya haura iyakar da aka gindaya, aiki ya tsaya, ko da motar kaya na jira a ƙofa, kuma babu mai harararka. A inda na koyi aiki kuwa, na tuna wata safiya mai lumshi da lambar ta ƙi sauka. Na faɗa wa shugabana, ya ce, "Malam, sa samfur kawai, ai na'urar tana cire dirif da kanta." Gaskiya ne tana cirewa, amma sai in yana tsaye wuri ɗaya. Wanda ke hawa da sauka ba ya ciruwa. Na sa, na samu lamba, na sa hannu. Har yau abin yana cina.

Haka batun ƙarfin sinadarin ayodin da na'urar ke zubawa. An rubuta a kwalba cewa mililita ɗaya na cinye miligiram 5 na ruwa, amma daga ranar da aka buɗe ta ƙarfin yake raguwa. A nan kullum da safe sai mun gwada shi sau uku da wani gishiri mai suna sodiyam tatiret, wanda ruwan jikinsa kashi 15.66 cikin ɗari ne, muna jira ya narke sarai don ba ya saurin narkewa a metanol. A can sau ɗaya muke yi a mako, wani lokacin don ana tattalin sinadari, kasancewar sayo shi na ɗaukar watanni. Na fahimci uzurin, amma sinadarin da ya yi rauni in aka lissafa shi da tsohon ƙarfinsa, ruwan da zai nuna ya fi na gaskiya, sai a yi watsi da magani mai kyau. Tattalin bai biya ba.

Abu ɗaya da nake kewa shi ne hannun mutanenmu. Mu muke kwance kwalbar, mu wanke tsinkayen, mu gasa ƙwayoyin shanye laima a tanda mu mayar. A nan na ga matashin da na'ura ta ƙi tsaya masa a kan wani samfur mai ɗauke da nau'in sinadarin da ake kira kiton, ya kira injiniya, bai san kiton ɗin ne ke haɗuwa da metanol yana haifar da sabon ruwa ba. Bitamin C ma yana cin ayodin kai tsaye ya ba ka lambar ƙarya.

Don haka 'yan uwa, kafin ku nemi a sayo muku babbar na'urar da ke samar da ayodin ta hanyar lantarki, wadda ke kama ruwa har maikirogiram 10, ku sani ta fi wadda kuke da ita jin laimar iska nesa ba kusa ba. Ɗakin da bai iya tsayar da dirif a ƙaramar ba, babbar na'urar za ta wahalar da shi. Ku fara neman sababbin toshiyoyin roba, da littafi a gefen na'ura, da rubutacciyar doka mai sa hannun shugaba da ta ba ma'aikaci ikon ajiye sirinji in lambar ta ƙi sauka.