Saksofon: ƙarfen ake yi wa tsada, amma muryar tana cikin kara da numfashi

Jama'a, akwai abin da ke damuna game da masu sha'awar saksofon, abin busan nan na Turawa. Da zarar an fara hira sai kowa ya kama sunan samfurin Selmer Mark VI, kai ka ce wanda bai riƙe shi ba bai taɓa busa ba. Ba na musun ingancinsa. Kamfanin Selmer na Faris ya fara ƙera shi a 1954, ya yi kusan shekara 20 ana fitar da shi, kuma manyan mabusan kiɗan jazz irin su John Coltrane da Sonny Rollins sun busa shi. Amma yau an kai ga mutane suna bin lambar da aka buga a jikinsa, wanda lambarsa ke da alƙaluma biyar ya fi tsada, ana zuba dubban daloli. Matashin da ke son koyo ya ji haka, sai jikinsa ya yi sanyi. Wannan ne ke min ciwo.

Ku dubi Charlie Parker, shahararren mabushin jazz na Amurka. Ya sha jinginar da saksofon ɗinsa saboda matsin rayuwa. A watan Mayu na 1953, a zauren Massey Hall da ke Toronto a Kanada, da Grafton ya hau dandamali, wani farin saksofon na roba da ake yi a Landan. Har gobe ana sauraron abin da ya busa a daren nan, kuma muryar Parker ce sak.

Dalili kuwa a fili yake. Jikin saksofon yawanci tagulla ne, amma sautin daga bakinsa yake tashi, inda ake ɗaure ɗan siririn fallen kara. Ana fere shi daga wani kara mai kama da gora, wanda ya fi suna shi ne na yankin Var a kudancin Faransa. Mabushi zai jiƙa shi da yawu, ya daidaita shi da babban yatsa har gefensa ya yi daidai da leɓen bakin, ya ɗaure. In ya tsage ko da kamar silin gashi ne, sautin ya lalace. A kwalin guda goma ba duka ke yin daɗi ba. Mai algaita ya san wannan wahala, don shi ma kara ne ke kaɗawa a bakinsa. Sai kuma fatun da ke toshe ramukan jikin saksofon: ɗaya ta fara yoyon iska, ƙananan sautuka sun ƙi fita, komai tsadar ƙarfen.

Shi kansa Adolphe Sax, ɗan Beljiyam da ya ƙirƙiro saksofon ya yi masa rajista a Faris a 1846, sau uku jarinsa yana karyewa, ya rasu a 1894 cikin talauci.

Ni dai da za a nemi shawarata, mai koyo ya sayi tsohon Yamaha na ɗalibai mai lafiya, ya kai wa mai gyara ya duba fatun, ragowar kuɗin ya sa a baki mai kyau da kara mai ɗan laushi, wato mai lamba 2 ko 2 da rabi, sannan ya zauna da dogon sauti ɗaya kullum har leɓensa ya saba.