Tarin Celica

Tun ba a ga motar ba aka ji ta. Mai shayin da ke bakin garejin Oga Mamman, nan Tudun Wada a Gusau, ya dafe tukunyarsa, awaki suka watse. Can sai ga ta: jar Toyota Celica ƙirar 1998, mai ƙofa biyu, cikinta na jan ƙasa kamar damo. Alhaji Ɗangayu ya fito a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ba sittin baya, amma gemun nan baƙi wuluk, ya sha rini.

ALHAJI: Salamu alaikum.

OGA: Kashe ta tukuna, Alhaji, in ji ko sallama kay yi ko ashar.

ALHAJI: Ai na kashe.

OGA: To kunnena na bai kashe ba. Amin wa alaikumus salam, ranka shi daɗe. Tun kana shataletalen Lalan munka san kana tahe.

ALHAJI: Ɗan tari na taka yi. Sanyi yak kama ta.

OGA: Alhaji, tari ta gaba aka yin shi. Wanga da ka hitowa ta baya, sunanai daban. Ɗan'auta, shiga ka gano muna.

Ɗan'auta ya shimfiɗa kwali, amma motar ba ta bar wa ko ɓera hanya ba, sai da aka sa jak.

ƊAN'AUTA: Oga, robar da ka riƙe salansa ta tsinke, da wayar shanya anka ɗaure. Bututun tsakiya ya lotsa. Tukunyar baya kau ta zama rariya, ana iya tace koko da ita.

ALHAJI: Tudun rage gudun ga na da sunka cika gari. Motar tsere ta hwa, ba a yi ta don hawan dutsi ba.

OGA: Tudu ya lotsa bututu, na yarda. Amma tsatsa kai kaj jawo ta. Ina kaka zuwa da motag ga kullum?

ALHAJI: Masallaci, kasuwa, gida.

OGA: To ka ji. In inji ya ƙona mai, hayaƙi da tururin ruwa shika hitowa. In ka yi tahiya mai nisa, kamar Talata Mafara, salansa ta yi zahi, ruwan shi ƙone. Kai kau minti biyar ka kashe, ruwan shi kwanta cikin tukunya, shi ci ta daga ciki. Ka sayi dokin sukuwa kana kai shi ɗibar ruwa. Ɗan'auta, ƙwanƙwasa indomi mu ji.

ƊAN'AUTA: Oga, ba kowa gida.

ALHAJI: Wace indomi? Ni ban cin abinci cikin mota.

OGA: Ba ta ci ba ta, Alhaji. Wani abu na mai ƙananan ramu kamar saƙar zuma, tsakanin inji da tukunya. An shahe shi da falatinam da faladiyam da rodiyam, su ka rage gubar hayaƙi. Ƙarahuna na masu tsada, shi yas sa aka sace shi. Mutane na can Anka suna haƙar zinari, kai kana yawo da arziki ƙarƙashin gindinka, har anka kwashe ba ka sani ba.

ALHAJI: Innalillahi! Wanda duk yac cire man ita, Allah shi isa!

OGA: (ya dubi ƙasa, a hankali) To... Allah dai shi yahe muna baki ɗai.

ALHAJI: Mi kac ce?

OGA: Na ce babu wata hitila mai ruwan ɗorawa da ka kamawa gaban sitiyari?

ALHAJI: Akwai. Ta dame ni, nal liƙe ta da hoton ɗan takara.

OGA: Madalla, ya samu aikin yi. Kai hwa, ba ya ciwo in kana tuƙi? Ba ka jin barci?

ALHAJI: Kullum. Amma wannan mitar Hajiya ta.

A nan Oga ya daina dariya, kuma ya kamata ya daina.

OGA: Bar Hajiya. Salansa in ta hudu ƙarƙashin mota, hayaƙi na shigowa ciki. Akwai iskar guba cikinai wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai taka hwarawa da shi, sai barci, in gilashi na ruhe sai a yi sallar mutum. Wanga ba abin wasa na ba.

ALHAJI: To a liƙe. Wancan karon da gwangwanin madara anka naɗe man, sati biyu lahiya lau.

OGA: Sati biyu, awo. Walda ma ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarhe, kana kai wuta ramin na ƙara hwaɗi. Kuma sai mun kwance ta waje, don tankin mai na kusa, ni kau ina da ɗiya. Sabuwa za a sa.

ALHAJI: Sa ta asali.

OGA: Toyota ta bar ƙera Celica tun 2006. Sai dai a aika Ƙofar Ruwa Kano, in ba a samu ba a nemo Baljiyam daga Ladipo, Legas. In kana son sauƙi, ga tukunyar Corolla nan, mu yanke mu haɗa.

ALHAJI: Corolla? Motar haya? Mamman, a sa ma zaki wutsiyar jaki?

OGA: Zakin da ka tusa tsakiyar kasuwa, wutsiya ta dame shi?

Alhaji ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ja Oga gefe. Ya rage murya, amma da yake kunnensa ya saba da motar, har mai shayi ya ji.

ALHAJI: Gaskiyar magana, akwai wata bazawara Gada Biyu. Wata guda ke nan ina zuwa gaisuwa. To duk sadda nad dawo, sai Hajiya ta ce, ya mutanen Gada Biyu? Daga tsakar gida taka bin sawuna da kunne. So nika yi motag ga ta yi shiru kamar kyanwa.

OGA: Yaushe ƙarar tat tsananta?

ALHAJI: Sati ukku. Ranar da nak kawo ta nan juyen baƙin mai.

Oga ya karɓi tocila ya shiga ƙarƙashin da kansa. Ya daɗe. Ɗan'auta ya fara neman takalminsa.

OGA: Alhaji, shekarata talatin ga aikin ga. Tsatsa ba ta da tsari, yadda tag ga dama taka ci. Amma ga huda ukku nan a jere, kowace zagaye sumul, daidai ƙusa inci shidda. Tsatsar da tay yi wanga ta yi makaranta. Ɗan'auta!

ƊAN'AUTA: Oga, wallahi dubu biyar ta da kwanon tuwo. Cewa tay yi na'urar bin sawun mota ta yi tsada.

ALHAJI: Ɗan banza! Ni za ka tona?

ƊAN'AUTA: Baba Alhaji, huɗu tac ce, ni nar rage maka guda.

ALHAJI: Mamman, sa ta Corolla. Sa ta Keke Napep ma in ita ag akwai. Nawa?

OGA: Dubu arba'in, da roba da walda.

ALHAJI: Talatin.

OGA: Bazawara hwa, Alhaji.

ALHAJI: Arba'in ɗin.

Yana cikin ƙirga kuɗin sai wayar Oga ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye, har da cire hula.

OGA: Ranki shi daɗe, Hajiya... Lahiya lau... Awo, kin ji daidai, nan tat tsaya... Minti arba'in, haka na... Ninki biyu? To, Allah shi ƙara girma.

Ya mayar da wayar aljihu, ya karɓi kuɗin Alhaji ya ƙirga tsaf, ya sa su a ɗaya aljihun.

OGA: Ɗan'auta, kashe wutar waldag ga. Alhaji, na sake tunani, mota irin taka ba ta dace da kayan Corolla ba. Ta asali za mu sa. Sai dai daga Legas za ta taso, kuma ka san halin hanya. Ka dai riƙa sauke gilashi.