Hayaƙin ma yana da aikinsa

Wani labari da na gani ya ce gidajen dutse na tsibirin Lewis a Sikotland suna jan masu yawon buɗe ido, amma bai faɗi dabarar ginin ba, kuma nan ne darajarsu take. Ku dubi wani irin gidan nan da ke ƙauyen Arnol a tsibirin, wanda mutane suka zauna a ciki har 1966. Bangon ninki biyu ne na dutse, ba siminti, an cusa ƙasa a tsakani don iskar teku ta kasa ratsawa. Jinkar ciyawa ce, an ɗaure ta da igiya an rataya duwatsu saboda guguwa. Wuta a tsakiyar ɗaki, babu bututun hayaƙi, sai hayaƙin ya bi ta cikin jinka. Ciyawar da ta sha kunkunniya kuma a sauke ta a kai gona ta zama taki. Shanu ma ƙarƙashin rufi ɗaya suke kwana da masu gida.

Abin da ban yarda da shi ba, a gyara irin gidan nan a sa tayil da tagogin gilashi, sannan a ce an adana tarihi. A ƙauyen Gearrannan, shi ma a Lewis, an mai da wasu gidajen masaukin baƙi, to ba laifi, kuɗin gyara na shigowa. Amma a bar wasu yadda suke, da warin hayaƙinsu.