Farin Soɓo Ba Sukari a Walimar Mabera

Ango ya yi karatu a Faransa, sai ya ce yana son abin sha mai tsami, marar zaƙi, irin yadda mutanen birnin Bodo na can Faransa ke gauraya inabi kala biyu su yi giya su sha da kifi, amma na halal. Na ce ya kwantar da hankalinsa, farin soɓo zai yi aikin.

A ruwa lita 10 nakan zuba farin soɓo gwangwanin madara 4, tsamiya curi ɗaya, ɗanyar citta kamar yatsu biyu, da ɓawon abarba ɗaya. Ba a tafasa shi. Ruwan zafi ake zubawa a rufe minti 30 a tace, don in ya daɗe a wuta bauri yake yi. Kuma ban da tukunyar dalma, tsami yana cin ta, sai ka ji ƙarfe a harshe. Lemun tsami 3 sai ya huce ake matsawa. Ƙanƙara a jikin kwalba take zama, in ta shiga ciki ta narke ya salance.

Abokin tafiyarsa abu mai maiƙo da gishiri ne: soyayyen kifi, balangu, masa da man shanu. Tsamin yana wanke maiƙon daga baki, gishirin kuma yana kwantar da tsamin. Yaji kaɗan za a sa, don babu zaƙin da zai tare zafinsa. Babban abokin gabarsa kayan zaƙi. Duk wannan na faɗa wa uwar biki, har sau ba adadi.

Kifi na cikin mai, sai goggon amarya ta ga baƙi zaune haka kawai, abin ya yi mata kunya. Ta sa aka raba alkaki da nakiya, ta bi su da kwalabena. Wanda ya ci alkaki ya kurɓi wannan, tsamin ninkuwa yake yi. Ina leƙowa na tarar da rumfa guda an runtse ido, dattawa na ta salati, wani malami ya riƙe muƙamuƙi.

Goggo ta ɗanɗana ta ce, "Ɗiyata, kin mance sukari, ba komai." Kafin in buɗe baki ta juye mudu guda a cikin bokitin da ya rage, ta ƙara da garin madara wai don ya yi laushi. Madara da tsami ba sa shiri, nan take ya tsinke ya yi gudaji.

Ina kwashe kayana wani tsoho ya tare ni da jarka a hannu, ya rage murya.

"Hajiya, wanga maganin basir naki, nawa kike saida lita?"