Gaston Defferre, ministan da ya raba Afirka ta Yamma gida-gida

Da an taso da maganar Faransa da Nijar, De Gaulle ake ambata. Ni kuwa a ganina akwai wanda ya fi shi barin tabo a taswirarmu, ga shi ba a cika jin sunansa ba: Gaston Defferre, lauya, ɗan jam'iyyar Soshalis, magajin garin Marseille tun 1953 har ya mutu a 1986. Shekara 33 a kujera ɗaya! Mutum ne mai zafin kai. A 1967 ya zagi wani ɗan majalisa, René Ribière, a zauren majalisa, suka je suka zare takubba, ya yanke shi sau biyu kafin a raba su.

Amma abin da ya shafe mu a 1956 ya faru. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu, can Vietnam, a 1954, Aljeriya tana ci da wuta, sai firaminista Guy Mollet ya ba Defferre ma'aikatar ƙasashen ƙetare da Faransa ke mulka. Ya fito da dokar 23 ga Yuni 1956. Kowane baligi, mace da namiji, ya sami ƙuri'a. Aka daina ware wa Turawa nasu akwatin zaɓe daban. Kowace ƙasa ta sami majalisar gwamnati, ta haka Djibo Bakary ya hau a Yamai a 1957. Sai dai mataimaki aka kira shi, gwamna Bature ne shugaba. Soja, kuɗi da harkokin waje kuwa suna nan a Paris.

Wasu na cewa alheri ya yi mana. Ban yarda ba. Gemun ɗan'uwansa ya ga ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Ikon da ya saki bai ba Dakar ba, inda hedikwatar tarayyar ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka take, sai ya gutsuttsura shi, kowa ya riƙi nasa yana duban Paris. Senghor na Senegal ya yi ta kukan cewa wargaza yankin ake yi. Wa ya fi asara? Ƙasa irin Nijar, marar teku, wadda ta dogara da asusun tarayya.

To amma kada mu ɗora wa Bature laifin duka. Houphouët-Boigny na Kodibuwa minista ne a wannan gwamnatin ta Mollet, da hannunsa a dokar, domin ya gaji da ganin kuɗin koko da kofi na Kodibuwa suna tafiya Dakar.

A 1981 shugaban Faransa Mitterrand ya naɗa Defferre ministan cikin gida, a 1982 kuma Defferre ya rage ikon wakilan Paris a lardunan Faransa ya miƙa wa zaɓaɓɓu. A can gida, shugabancin kansa ya ba su, ba kujerar mataimaki ba.