Yadda Na Zama Makiyayin Makarantar Mishan

'Yata ta biyu tana karatu a wata makarantar firamare ta Katolika a nan Garwa, kuma ba ni kaɗai ne Musulmin da ya kai ɗansa can ba, domin a ranar taron iyaye masu babbar riga ba su gaza masu kwat yawa ba. Tun 1946 da limaman ƙungiyar Oblat suka iso arewacin Kamaru ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey, wanda ya zama bishop ɗin Garwa na farko a 1955, mutanen gari suka shaida cewa 'yan mishan ba sa wasa da karatu. Sai dai rangwamen da gwamnati ta yi a 2000, na soke kuɗin makarantar firamare, makarantunta kaɗai ya shafa. Tamu kuwa da aljihun iyaye take numfashi, shi ya sa da iskar damina ta yaye kwanon ajin CM2, wato ajin ƙarshe, yaran da za su zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare suka koma rumfar zana, kowa ya san cewa takardar gayyata tana tafe.

A taron aka tsayar da shawarar yin karmes, wato bikin tara wa makaranta kuɗi, a watan Afrilu, da wasannin yara da sayar da abinci da kuma tambola, wato zaro tikiti domin cin kyauta, tikiti ɗaya sefa 200, babbar kyauta kuma akuya. Da aka zo rabon tikitin da kowane ɗan kwamiti zai sayar, sai na miƙe na nemi a yi mini uzuri, domin maƙwabcina Malam ya riga ya gaya mini cewa tsakanin tambola da caca babu katanga mai tsayi. Sista, shugabar makarantar, mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin wanda ya shiga ofishinta da ƙorafi ya fito babu aiki a hannunsa ba. Ta gyara zaman gilashinta ta ce, "Alhaji, mun fahimce ka, kuma ba za mu sa ka abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. Tunda gidanka akwai fili, sai ka riƙe mana akuyar kafin ranar." Na amsa da murna, ina ganin na tsira da mutuncina da addinina a kan farashi mai sauƙi.

Da yamma aka kawo ta a kan babur, ja ce mai farin goshi, da ƙaton ciki wanda ma'ajiyar kwamiti ta yi ta alfahari da shi, tana cewa ita ta zaɓo wadda ta fi ƙiba a kasuwa. Uwargida ta zagaya ta sau ɗaya, ta dafa gefen cikin, ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ƙibar tana motsi." Na ce mata harkar makaranta ce, kada ta sa baki. Ana gobe karmes, tsakanin sallar isha da tsakar dare, cikin zafin Garwa na bazara da ke hana mutum kwana a ɗaki, akuyar ta fara wani irin kuka, kafin in lalubo tocila sai ga 'ya'ya biyu kwance a gindin darbejiya, uwar tana lashe su, ni kuma ina tsaye da gajeren wando ina lissafin abin da zan gaya wa Sista.

Da sassafe kwamiti ya zauna a ofis, kuma zan iya cewa ban taɓa ganin an tattauna makomar ɗan Adam da irin zurfin da aka tattauna ta waɗannan 'yan awaki ba. Magana tana tashi daga Faransanci ta faɗa Fulatanci, ta leƙo Hausa idan rai ya ɓaci. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin magatakardan kotu ya zaro tikiti, ya karanta shi a hankali, ya nuna cewa akuya ɗaya aka rubuta, saboda haka duk wanda ya ci ba shi da haƙƙin ko da kunnen jinjiri. Shugaban iyaye ya ce ai lokacin da aka buga tikitin 'ya'yan suna cikinta, kuma wanda ya sayi ƙwarya ya sayi abin da ke ciki. Katakis, mai koyar da addini a coci, ya ɗauko labarin Yakubu da garken Laban daga Littafin Farawa, ya bi shi tiryan-tiryan har zuwa masu dabbare-dabbare da masu zane, amma da aka tambaye shi hukuncin da za a ciro daga ciki, sai ya ce shi dai ya kawo ne domin a yi tunani. Ma'ajiya kuwa, wadda ta sayo ƙibar, ta ce kamata ya yi a gode mata, domin da kuɗin akuya ɗaya ta kawo wa makaranta uku.

Can sai wata mata mai tsoron Allah, wadda har yau nake yi mata addu'a, ta ce tunda a gidan Alhaji aka haife su, kuma shi ya kwana a tsaye, a bar masa su ladan wahala. Na sunkuyar da kai irin na mai kunya, ina jiran a tafa. Sai shugaban iyaye ya girgiza kai ya ce, "A'a, kada mu zalunci bawan Allah. Mutumin da ya ƙi taɓa tikiti, yaya za mu ɗora masa abin da ya fito daga cikin kyautar tambola?" Kowa ya gyaɗa kai cikin girmamawa, har da matar, ni ma dole na gyaɗa nawa. Aka yanke cewa za a ƙara zaro tikiti biyu, kowane jinjiri da mai shi.

Karmes ya yi armashi, yara sun yi rawa da tseren buhu, akuyar kuma ta yi ta amsa wa Sista jawabi daga inda aka ɗaure ta. Uwar ta faɗa hannun wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a ɗaki ɗaya, jinjiri na farko ya faɗa wa wani yaro ɗan ajin CP, ajin ƙananan yara, da bai gama famfara ba, na biyu kuma, cikin ikon Allah, ya faɗa wa katakis. Nan take aka gano abin da duk masanan safiya suka manta, cewa ɗan akuya ba ya rabuwa da nono sai ya yi kamar wata uku. Mai uwa ba ta da wurin ajiye ta, masu 'ya'ya ba su da nono. Na ga Sista ta kai hannu ga gilashinta, na fara neman hanyar ƙofa, amma taron ya yi yawa. "Alhaji," in ji ta, "gidanka ya karɓe su."

Duk wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san cewa ba a samun korayen ciyawa sai an gangara bakin Binuwai, harawa kuma tana tsada kamar magani. Na koma mai sayen dusa da ƙulin auduga, ga akuya mai shayarwa wadda ba ta san ƙoshi ba, har ta haɗa da zogalen uwargida da littafin lissafin 'yata, wanda sai da na je da kaina na yi wa malaminsu bayani kafin ya yarda. Ɗan CP yana zuwa duba dukiyarsa kullum bayan an tashi, tare da abokansa, kuma ba su taɓa kuskuren lokacin sauke tukunya ba. Katakis yana biyowa ranar Lahadi bayan an fito daga coci, ya tsuguna ya lalubi haƙarƙarin nasa, ya ce yana ganin ana fifita na yaron wajen nono. Ma'aikaciyar jinya ta aiko da kwalba a tatsar mata madara, katakis ya kai ƙara cewa madarar abincin ɗansa ce. Malam kuwa yakan leƙo ta katanga ya ce, "Alhaji, ka guje wa takarda ka rungumi garke, Allah ya ba da lada."

An rufe kwanon CM2 kafin ruwa ya sauka, yara suka yi jarrabawarsu a watan Yuni, kuma a takardar godiya da aka liƙa a allon sanarwa, bayan sunayen masu ba da siminti da kwano, an rubuta ni a matsayin mai kula da dabbobin makaranta, muƙamin da ban san ranar da aka ƙirƙire shi ba. Da lokacin yaye ya yi, masu 'ya'ya suka kwashe nasu, amma mai uwar ta riga ta hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde domin hutu, ba ta dawo ba sai da aka koma makaranta a Satumba. Ta zo da wani Bafulatani da zai saye ta, ya tsuguna ya dafa cikinta, ya ɗaga kai ya tambaye ni ko akwai bunsuru a unguwar. Akwai kuwa guda ɗaya tak, mai tsallake katanga, kuma na Malam ne.

Matar ta fasa sayarwa, ta ce sai ta ga abin da za a haifa, kuma tunda har yanzu ɗaki ɗaya take haya, an san inda za a jira haihuwar. Malam ya same ni bayan sallar magariba, ya gyara murya, ya ce shi ba wai yana neman wani abu ba ne, amma ya kamata kwamiti ya san cewa wannan karon akwai haƙƙin uba, kuma wannan cikin ba shi da alaƙa da tikiti. Sista ta kira zama ranar Asabar da ƙarfe tara, ta kuma aiko 'yata ta gaya mini in taho da Malam.