Yaran ga ido suka zuba mana

Mu a Sakkwato ba mu rasa wa'azi ba. Duk taron suna ko ɗaurin aure sai an samu dattijon da zai ce yaran yanzu sun lalace, ba ladabi, ba son aiki, sai neman kuɗin banza. Ni dai ban yarda daga sama lalacewar ta faɗo ba. Yaro yana kallon wanda ake tashi tsaye in ya shigo, shi yake son ya zama.

Ku tsaya bakin titi ranar da wani babba ya shigo gari. Jiniya tun daga filin jirgi, an tsare masu kabu-kabu cikin zafin da ya haura digiri 40, har da mai ɗauke da maras lafiya. Can sai a ɗan sauke gilashi, hannu ya leƙo ya watsa 'yan ɗari biyar-biyar, samari su yi ta turereniya cikin ƙura, wannan silifas ya tsinke, wancan ya kuje gwiwa. Yaro ɗan shekara 15 da ke tsaye wurin ya gama karatunsa na ranar. Gobe in aka miƙa masa gora da ƙwaya lokacin zaɓe, da wane baki za mu kira shi ɗan banga?

Abin da ke ƙara ba ni takaici, garin ga ba baƙon shugabanci na hidima ba ne. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Sallah, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin bai kai shekara 40 ba, ya ƙi karɓar zinarin, ya roƙi abu 5 a madadinsa: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a mutunta masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ku dubi biyun ƙarshe da kyau. Mutum ya samu kunnen sarki, damar da mu yau za mu nemi fili ko kujerar Makka da ita, shi kuwa ya tuna da wanda ke kurkuku da manomin da haraji ya tanƙware. Kuma da mulki ya zo hannu bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, bai ƙanƙame ba. A 1812 ya danƙa gudanarwa ga ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya ci gaba da karantarwa a Sifawa. 'Yarsa Nana Asma'u ma, 'yar gidan mulki, malamai mata da ake kira jaji ta riƙa turawa ƙauyuka suna koyar da matan karkara.

Na san wani zai ce ai waɗannan waliyyai ne, mu ina za mu kai. Wannan zancen kauce wa nauyi ne kawai. Ba sai ka riƙe daula ba. Ogan gareji da ke zuwa kafin yaransa, ya shiga ƙarƙashin mota da kansa, ya raba kuɗin aiki a gabansu ba ɓoye-ɓoye, shugaba ne. Haka hedimastan da ke shiga aji in malami bai zo ba. Shi kuwa shugaban ƙungiyar matasa da aka ba buhu 20 na shinkafa ya kai 5 gida, ya riga ya koya wa mataimakinsa yadda ake yi, ko da kullum yana sahun farko a masallaci.

Mu ma masu tafi muna da laifi, don mu ke yi wa mai watsa kuɗi kirari. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a Mabera ko Runjin Sambo, a zaunar da shi a tambaye shi rijiyar burtsatse nawa ya bi aka gyara, da yaushe rabonsa da leƙa firamaren unguwa. A yi tambayar gaban yaran, su ji amsar da kunnensu.